Kafin a yanka ragon suna: yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa da lokutan da ginin ke karkacewa

Akwai wani yaro a layinmu da ya shekara ɗaya da wata uku bai zauna ba. Wuyansa bai tsaya ba, in aka ɗauke shi sai ya sandare ya banƙare, in aka tafa hannu a bayansa ba ya waiwaye. An sha rubutu, an yi hayaƙi, har wata tsohuwa ta fito fili ta faɗi abin da ake ta raɗawa, wai ɗan ruwa ne, musanya shi aka yi. Ranar da aka gaji aka kai shi asibiti mahaifinsa ba ya gari, ni na raka uwar da kakar. Likitar ba ta daɗe tana duba shi ba. Ta auna kansa da tef irin na tela, ta lanƙwasa ƙafafunsa, sannan ta koma kujera ta shiga tambayoyin da ba su yi kama da abin da ya kawo mu ba. Da aka haife shi ya yi kuka nan take? Naƙudar ta yi tsawo? Kafin suna idonsa ya yi ruwan ɗorawa? Ya ƙi kama nono a kwanakin?

Kakar ta gyara mayafi ta ce, "Likita, wannan ai tsohon zance ne. Shawara ya yi, kuma tun kafin arba'in ta wuce. Mu rashin zaman nan ne ya kawo mu."

"Mama, ai shi ne zancen," in ji likitar.

Na daɗe ina juya wannan amsa, domin a cikinta akwai kusan duk abin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka tabbatar a shekaru sittin da suka wuce. Ƙwaƙwalwa ba kumbura kawai take yi kamar kabewa ba. Gina ta ake yi daki-daki, kuma kowane aiki da ranakunsa. Abin da ya sami ginin yana da nauyi, amma ranar da ya same shi ta fi. Manomi ya san haka: farin kwana goma sha biyar bayan shuka daban, farin kwana goma sha biyar lokacin da gero ke fitar da kai daban, ko da yake rashin ruwan ɗaya ne. Sai dai a gona ana ganin ɓarnar a makon. A ƙwaƙwalwa kuwa ba a gani sai ranar da aka nemi sashen da ya lalace ya yi aikinsa, ranar da ya kamata yaro ya zauna, ya yi rarrafe, ya ce baba. Tsakanin sanadi da alama akwai watanni, wani lokaci shekaru, kuma a wannan tazarar ce aljanu da mayu da kishiya suke samun wurin shimfiɗa tabarma.

Ginin yana farawa tun kafin kowa ya sani. Wajen kwana 18 da shigar ciki, a bayan ɗan tayin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wani faifan ƙwayoyi yana yin kauri. Gefunansa biyu su ɗago su haɗu a tsakiya, sannan rufewar ta bi sama da ƙasa kamar zif ɗin da aka fara ja daga tsakiya. Zuwa kwana 28 an gama, an sami ɗan bututu. Bakinsa na sama shi zai buɗe ya zama ƙwaƙwalwa, sauran ya zama laka. A lissafin mace, wannan bai wuce mako biyu da ɓatan wata ba. Ita kanta tana tantama, balle uwar miji.

In bakin sama bai rufe ba, a haifi jariri babu rufin kai, kuma ba ya rayuwa. In na ƙasa ne, a haife shi da ƙullutu a gadon baya, laka a waje, ƙafafu ba ƙarfi, fitsari ba riƙo, sau da yawa kuma ruwa ya taru a kai har ya yi ta girma. An daɗe ana zargin abinci, amma hujja ba ta samu ba sai 1991, lokacin da majalisar binciken lafiya ta Birtaniya, ƙarƙashin Nicholas Wald, ta fitar da sakamakon gwaji a kan mata 1,817 a ƙasashe bakwai, dukkansu sun taɓa ɗaukar cikin da ya zo da wannan larura. Waɗanda aka ba folik asid tun kafin su sake ɗaukar ciki, maimaituwar larurar ta ragu da kashi 72 cikin 100. Shekara guda bayan haka Andrew Czeizel a Hangari ya nuna maganin yana kare har matan da ba su taɓa haɗuwa da abin ba. Amurka ta duba ta ga ba yadda za a ba mace magani saboda cikin da ba ta san da shi ba, sai dai a sa mata a burodi, don haka daga 1998 ta wajabta zuba shi a fulawa, kuma adadin jariran ya sauka a fili.

Maganin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne ƴar ƙaramar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da ake haɗawa da maganin ƙarin jini a wurin awo. Amma yaushe matanmu ke fara awo? Wata huɗu, wata biyar, bayan ciki ya fito kunya ta daina ɓoye shi, musamman cikin fari. A lokacin ƙwayar tana da amfani ga jini, amma maganar bututu an rufe ta wata uku da suka wuce. Abin da ake so shi ne maikurogiram 400 kullum tun kafin ciki ya shiga. Ni da za a bi ta tawa, da a cikin kayan lefe ake saka ta. Haka kuma mace mai farfaɗiya da ke shan maganin valproate, wanda aka tabbatar yana ƙara haɗarin wannan larura da kuma jinkirin fahimta ga yaro, ya kamata ta zauna da likitanta kafin ciki. Kada dai ta yar da maganin da kanta, domin faɗuwa da ciki ita ma haɗari ce babba.

Da bututu ya rufe sai a shiga haihuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A bangon bututun ta ciki akwai iyayen ƙwayoyi, suna rabuwa biyu, biyun su zama huɗu, sai sun yi yawa sannan su fara fitar da ƙwayoyin aiki. Babban mutum yana da wajen biliyan 86, kamar yadda Suzana Herculano-Houzel ta Barazil ta ƙirga a 2009, bayan ta narkar da ƙwaƙwalwa ta zama kamar kunu ta ɗebi samfur. Kusan duk na ɓawon ƙwaƙwalwa, inda tunani da magana suke, ana haihuwarsu ne tun a ciki. Lissafin ninki kuwa ba shi da tausayi. Ɓera ya ci mudu ɗaya daga rumbu, an yi asarar mudu ɗaya. Ya ci mudu ɗaya na iri, an yi asarar gona.

Duniya ta ga wannan lissafi da idonta a ƙarshen 2015, lokacin da likitoci a Recife, arewa maso gabashin Barazil, suka fara karɓar jarirai masu ƙananan kawuna fiye da yadda suka taɓa gani. Cutar Zika, wadda aka sa wa sunan wani daji a Yuganda inda aka fara gano ta a 1947, ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Sauro ne ke yaɗa ta, babba ya yi ɗan zazzaɓi da ƙuraje ya miƙe, da yawa ma ba sa jin komai. Ranar 1 ga Fabrairun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci, kuma cikin ƴan watanni masu bincike a Amurka da Rio suka nuna abin da ke faruwa: ƙwayar cutar iyayen ƙwayoyin nan take nema, ta shige su ta hana su rabuwa ta kashe su. Uwa ta warke a mako guda, ɗan da ke cikinta an cinye masa iri. Abin da ya sa aka gane da wuri shi ne wata dabara da Madeline Lancaster ta ɓullo da ita a Biyana a 2013, ta rainon ƙwayoyin ɗan'adam a kwano har su dunƙule su zama ɗan curin da bai wuce ƙwayar wake ba, mai kwaikwayon ƙwaƙwalwar tayi a watannin farko. Ba ya tunani, ba ya ji, amma ana iya zuba masa cuta a zauna a kalla.

Ƙaramin kai yana zuwa ta gado ma. A 2002 an gano ƙwayar gado mai suna ASPM a wasu zuriyoyi na arewacin Pakistan inda auren zumunci ya yi yawa. Sai uwa da uba duk suna ɗauke da lahanin a ɓoye sannan ya fito a ɗa. Yawancin auren zumunci lafiyayyun yara yake haifarwa, wannan kowa ya gani a danginsa. Amma in ɗaki ɗaya ya haifi biyu ko uku masu larura iri ɗaya, abin dubawa jini ne, ba maƙwabciya ba.

Aiki na gaba shi ya fi ba ni mamaki. Ƙwayar da aka haifa a can ciki ba a nan za ta zauna ba, sai ta yi tafiya zuwa ɓawo. Pasko Rakic ne ya nuna yadda take yi a 1972, a ƙwaƙwalwar ƴan tayin birai. Akwai dogayen zarurruka da suka miƙe daga ciki zuwa waje kamar igiyar guga, sabuwar ƙwaya ta rungumi igiya ta yi ta hawa. Waɗanda suka fara isa su ne sahun ƙasa, na bayansu su ratsa ta cikinsu su zauna a samansu, haka har sahu shida, kamar magini da ke taka tubalin jiya don ya aza na yau. Mafi yawan wannan ƙaura tsakanin wata na uku da na shida take. In ta tsaya gaba ɗaya, ƙwaƙwalwa ta fito sumul kamar bayan ƙwarya, ba lanƙwasa ba kwari, kuma tun 1993 aka gano ɗaya daga ƙwayoyin gadon da ke jawo haka. In kuwa ɗan yanki ne kawai ya ɓata hanya, yaro zai iya tashi lafiya lau sai farfaɗiya da ba ta jin magani, kuma wannan ɗan yankin, in hoton MRI ya nuna shi, wani lokaci ana iya yanke shi faɗuwar ta tsaya. An gano cewa sau da yawa kuskuren ba ya cikin jinin uwa ko na uba. Uwar ƙwaya ɗaya ce ta yi tuntuɓe wajen kwafe kanta, zuriyarta kaɗai suka gada. Na kawo wannan ne saboda auren da ake fasawa a kan farfaɗiya, da yaran da ake gudu in sun faɗi wai kada a taɓa yawunsu. Ba a ɗaukarta ta yawu. A ƙasarmu kuma da yawanta tabo ne da wahalar haihuwa ko sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa suka bari.

Duk wannan aiki yana buƙatar sinadarin da maƙogwaron uwa ke fitarwa, shi kuma sai da aidin. Inda maƙoƙo ya yi yawa a mata, nan ake samun yara masu nauyin fahimta. Saka aidin a gishiri, da Najeriya ta wajabta a farkon shekarun 1990, ƙila shi ne aikin ƙwaƙwalwa mafi araha da aka taɓa yi a ƙasar.

Sai ranar haihuwa. A shekarun 1860 wani likitan ƙashi a Landan, William Little, ya danganta sandarewar gaɓoɓin yara da wahalar naƙuda. A 1897 Sigmund Freud, wanda kafin ya shahara a wani fanni likitan jijiyoyin yara ne, ya ce a'a, wani lokaci matsalar ta riga naƙudar, ita ce ma ta sa haihuwar ta yi wuya. Bincike ya nuna kowannensu da gaskiyarsa, ya danganta da inda ake. A inda ake haihuwa a gaban likita, galibin sanadin yana cikin ciki ne ko bakwaini. A inda mace ke kwana biyu a durƙushe kafin a nemo mota, Little ne ke da rinjaye. Ƙasashe masu arziki sun samo dabara ga jaririn da ya rasa iska: a sanyaya jikinsa zuwa digiri 33.5 na tsawon awa 72, a fara cikin awa shida da haihuwa. Yana rage mutuwa da naƙasa. Amma da aka gwada a Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna bai taimaka ba, mace-mace ma ƙaruwa suka yi. Daga bayanin da masu binciken suka kawo, jariran can sun daɗe cikin ƙarancin iska da abinci tun a ciki, don haka awa shidan da ake ƙirgawa daga haihuwa ta riga ta wuce. Ko magani ma da ranarsa, kuma ba kowane abin da ya yi aiki a Ingila ne za a kwaso a ce zai yi a Gusau ba.

Yanzu ga shawara, wadda ita ta sami yaron layinmu. Jariri yana fitowa da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, a kwanakin farko a fara farfasa su. Daga ciki wani sinadari ruwan ɗorawa ke fita, bilirubin, wanda hanta ce ke tace shi, ita kuma hantar ba ta gama farkawa ba. Shi ya sa fiye da rabin jarirai suke ɗan yin shawara, kuma ga yawancinsu ba komai ba ce, kakar ba ta yi ƙarya ba. Amma in sinadarin ya wuce kima sai ya tsallaka ƙwaƙwalwa, ya zaɓi wurare biyu ya zauna: cibiyoyin can ciki da ke daidaita motsi, da hanyar ji. Masu binciken gawa sun ga wuraren sun rine ruwan ɗorawa. Jariri ya saki nono, ya yi ta barci, ya yi wani kuka mai tsini, ya banƙare. In ya rayu launin ya washe, kowa ya ce an auna arziki. Sai bayan shekara a ga ba zama, ba ji, hannu da ƙafa suna murɗewa da kansu. Abin da ya fi ciwo, sau da yawa hankalin yana nan daram. Yaro ne mai fahimta a cikin jikin da ba ya yi masa biyayya.

Sinadarin yana kai ƙololuwa ne tsakanin kwana uku da biyar. A waɗannan kwanaki ina jaririnmu yake? Yana ƙuryar ɗaki, labule a sauke, an naɗe shi cikin zani, mai jego na fama da wanka, gida na shirin suna. Ga shi fatarmu tana ɓoye launin, sai a farin ido da dasashi, ko in aka danna hanci a hasken rana. Ƙari a kan haka, ƙarancin wani sinadarin kariya mai suna G6PD ya yawaita a ƙasashen sauro, ya fi kama maza, kuma jaririn da ke da shi jininsa na iya farfashewa in ya shaƙi kafur ɗin da ake zubawa a akwatin kaya, ko aka shafa masa lalle. Saɓanin rukunin jini tsakanin uwa da ɗa shi ma yana jawowa. Ruwan gulukos da jiƙe-jiƙe ba sa sauke shi.

Abin da ke sauke shi haske ne. Wata ma'aikaciyar jinya a Rochford da ke Ingila, Jean Ward, tana fitar da bakwaini su sha iska a shekarun 1950, ta lura jikin wani ya washe amma inda zani ya rufe yana nan ruwan ɗorawa. Daga nan aka fito da fitilar shuɗin haske a 1958, wadda ke juya siffar sinadarin har jiki ya fitar da shi ba sai hanta ta sa hannu ba. Fitila dai sai da wuta, mun kuma san halin wuta. Shi ya sa gwajin da aka yi a Legas, wanda ya fito a 2015, ya burge ni: Tina Slusher da Bolajoko Olusanya da abokan aikinsu suka kafa rumfa da wata leda mai tace zafi da hasken da ke ƙona fata, suka sa jarirai fiye da 400 a gwaji, aka ga hasken ranar da aka tace ya yi aikin fitila ga shawarar da ba ta yi tsanani ba. Wannan daban yake da shanya jariri a tsakar gida, wanda ke iya ƙona shi ya kuma ɓata lokaci. In ta yi tsanani sai an sauya jini, kuma wadda ta fito a ranar farko ba a kwana da ita a gida.

Jariri yana zuwa da ƙwaƙwalwar da ba ta kai giram 400 ba, ta babba kuwa wajen kilo ɗaya da giram 400. Ƙarin ba sababbin ƙwayoyi ba ne galibi, rassa ne da mahaɗai, wato inda ƙwaya ke haɗuwa da ƙwaya, da rufin jijiyoyi. Peter Huttenlocher a Shikago ya zauna ya ƙirga mahaɗan nan, a 1979 ya ba da labarin cewa na yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu sun fi na babba yawa. Ashe shukar gero ake yi: a zuba iri da yawa a rami ɗaya, in sun tsiro a noman firi a cire raunana a bar masu ƙarfi. Mai cirar kuwa ita ce rayuwa. Mahaɗin da aka yi aiki da shi ya yi kauri, wanda aka bari a share shi.

David Hubel da Torsten Wiesel sun rufe wa ƴan kyanwa ido ɗaya a watannin farko. Da aka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau amma ba ya gani, domin ɗaya idon ya cinye filinsa a ƙwaƙwalwa. Aka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 1981, ya kuma sa ake gaggawar cire yanar idon jariri a makonnin farko, ba a kuma jiran harara-garke ya gyaru da kansa. Kunne ma haka. A 1984 Janet Werker da Richard Tees a Kanada suka gwada jariran gidajen da Turanci kaɗai ake yi, da sautukan harshen Hindi da na wani harshen ƴan asalin yammacin Kanada, ɗaya daga ciki ɗan'uwan "ƙ" ɗinmu ne. Ƴan wata shida zuwa takwas suna rarrabewa. Zuwa wata goma sha biyu yawancinsu sun daina jin bambancin. Ga dalilin da ya sa mutum zai shekara ashirin a kasuwar Kwari yana cewa baki yana nufin baƙi, mu kuma muna kokawa da "p" da "f" har tsufa. Ga kuma dalilin da ya sa kurman jariri bai kamata a jira ya shekara uku bai yi magana ba kafin a auna kunnensa.

Tazarar nan ta sanadi da alama ita ta haifi ƙaryar da ta fi yawo game da galahangar da ke hana yaro cuɗanya da magana. Alamunta suna bayyana ne tsakanin shekara ɗaya da biyu, daidai lokacin alluran rigakafi, sai a ɗora wa allura. Rahoton Andrew Wakefield na 1998 da ya kunna wutar an janye shi a 2010, shi kuma aka ƙwace masa lasisi. Wani babban bincike na 2020 ya lissafa ƙwayoyin gado 102 masu hannu a larurar, da yawansu suna aikinsu ne tun yaro na ciki.

Gubar dalma a wannan lokaci na cirar mahaɗai take ɓarnarta, kuma ba sai mun je wata ƙasa neman misali ba. A Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta tarar da sababbin kaburburan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Farashin zinare ya tashi, ana kawo duwatsu cikin gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, duwatsun kuma cike da dalma. Yara fiye da 400 suka mutu. Manya suna shaƙar ƙurar nan su ma, amma mai rarrafe shi ke kai hannu baki, hanjinsa kuma yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba. Jiki yana ɗaukarta a matsayin kalsiyam, ta je ta toshe ƙofar da ke tantance mahaɗin da za a ƙarfafa da wanda za a cire. Maganin wanke jini ya ceci rayuka, an kuma kankare ƙasar gidaje, Bagega sai a 2013 aka kai gare ta, amma magani ba ya mayar da mahaɗan da aka cire bisa kuskure. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Dutsen kwalli da ake ranbaɗa wa jarirai ma, da yawansa ma'adinin dalma ne, kuma ba a san wani adadi nata da ba ya cutarwa ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba guba ba cuta, rashin mutum kawai. Bayan faɗuwar shugaban Romaniya Ceaușescu a 1989 aka buɗe gidajen marayun ƙasar aka tarar da dubban yara a gadajen ƙarfe, ana ba su abinci amma ba mai ɗauka, ba mai yi musu magana. Daga 2000 Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka bi yara 136 a Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyayen riƙo. Waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu su suka fi farfaɗowa a fahimta da shaƙuwa. A Kingston ta Jamaika kuma, Sally Grantham-McGregor ta ɗauki yara 129 da tamowa ta tsumburar a tsakiyar shekarun 1980, aka riƙa zuwa gidajen wasunsu mako-mako har shekara biyu ana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta. Bayan shekara ashirin, abin da waɗannan ke samu ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin 100.

A nan muna da jari, in ba mu zubar ba. Jaririn gidan yawa daga bayan uwa sai hannun goggo, sai cinyar kaka, kowa na yi masa gwaranci yana mayarwa. Ko ɗan fari da uwa ke kunyar kiran sunansa bai rasa mai yi masa waƙa ba. Wanda nake ji wa tsoro shi ne wanda aka jingine da filo aka ajiye masa waya a gaba.

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wasu kuma sun ɗauki binciken nan sun mayar da shi hukunci, wai daga shekara uku an gama. Ba haka ba ne. Ƙofofin ba tare suke rufewa ba. Ta bututu kwanaki ce, ta ido watanni zuwa ƴan shekaru, sashen goshi mai auna abu kafin a aikata kuwa yana kan gyara har mutum ya haura ashirin. Yaran Romaniya da aka ɗauka a makare ma sun fi waɗanda aka bari.

Yaron layinmu yanzu ana kai shi gashin ƙashi sau biyu a mako. An auna kunnensa, ɗaya yana ɗan ji, kuma an gano in ana magana bakin mai maganar yake kallo. Ya iya nuna kofi da ido in yana son ruwa. Bara uwarsa ta sake haihuwa, mace. Kwana biyu da haihuwar na shiga barka, na tarar da kakar a bakin ƙofar ɗaki ta yaye labule, jaririyar a hannunta ta juya ta wajen haske, tana danna mata hanci da ɗan yatsa tana ɗagawa. An zazzage akwatin kayan jariri a kan tabarma, ƙwayoyin kafur guda huɗu suna gefe cikin murfin kwano.